Ƙarar da Na Kai da Turanci

Gwangwanin na fara gani. Ranar Juma'ar da ta wuce, da muka shiga gidan kakana a Gwallaga, ban ma gama sallama ba idona ya sauka a kansa, can gindin famfo, cikin robar garin sabulu. Tsohon gwangwanin madara ne, gefensa ɗaya a lotse, rubutun jikinsa duk ya goge. Goggo, yayar Abbana da ke kula da gidan, ita ta mai da shi ma'aunin sabulun wanki. Ba laifinta ba ne, gwangwani dai gwangwani ne. Amma ni na san aikinsa na da. Da shi Kaka yake kiran tantabarunsa. Zai zuba gero kamar rabi, ya rufe bakin da tafin hannu, ya girgiza sau uku, sai ka ji sama ta cika da kaɗawar fiffike.

Shekara biyar ke nan rabon da a girgiza shi, kuma da hannuna a ciki.

Lokacin ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Gidanmu yana wajen GRA, cikin gidajen ma'aikata, amma makarantarmu ta fi kusa da Gwallaga. Don haka in an tashi ƙarfe biyu sai in taka zuwa gidan Kaka, in jira Abba ya taso daga ofis bayan la'asar. Ni ba mai magana ba ce. Ko a gida akan manta ina ɗaki. Abin da na iya shi ne kallo. Na san ludayin da Goggo ta fi so, na san takalmin kowane dattijo a ƙofar masallacin unguwa, na kuma san in Abba ya fara shafa kunnensa na dama, to ransa ya ɓaci.

Kaka tela ne, ya ajiye keken ɗinki da idonsa ya fara rauni. Tun ina goye yake kirana Amarya, irin wasan nan na kaka da jika. In na shigo sai ya ce, "Ga amaryar da ba ta iya tuwo ba, sai cin na mutane." Ni dai sai in sunkuyar da kai. A hanya nakan shirya amsoshi masu daɗi, da na taka zaure sai su watse.

Ɗakin tantabarun yana can ƙuryar gida, bayan rijiya. Ginin ƙasa ne mai rufin kwano, an jera tsofaffin tukwane a jikin bango daga ƙasa har sama, kowace tukunya da ma'auratanta. Can kusa da rufi akwai ƙananan ramuka da suke shiga da fita. Wurin yana da wari irin nasa, na kashin tsuntsu da dusa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma in rana ta ratso ta ramukan sai ka ga wani farin gari yana yawo a cikin hasken. Kaka ya fara kiwon nan tun kafin a haifi Abba. Ba ya sayarwa. In wata ta haihu a unguwa, ko wani ya kwanta jinya, sai ya aika da 'yan shila biyu a yi farfesu. Shi kansa ban taɓa ganin ya ci ba.

Wannan farin garin ne ya kama shi. A daminar da na gama firamare ya fara tari, numfashi yana yi masa wuya, har ya yi mako biyu a asibiti. Likita ya tambaya ko yana kiwon tsuntsaye, da aka ce eh, ya ce to ga ciwon nan. Ya ce duk shigar da zai yi ɗakin nan tana cin huhunsa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Abba ya so a kwashe su a lokacin. Kaka ya roƙa, dattijan masallaci suka sa baki, aka tsaya a kan cewa tantabaru za su zauna, amma shi ba zai ƙara taka ɗakin ba. Goggo za ta riƙa watsa musu hatsi safe da yamma. Aka sa kwaɗo. Kaka da kansa ya aika aka sayo kwaɗon, ya miƙa wa Abba makulli ɗaya, Goggo ɗaya. Babu wanda ya tuna cewa sabon kwaɗo da makulli uku yake zuwa.

Na ukun yana cikin hularsa. Ya farke shafin ciki, ya yi masa ɗan aljihu, ya mayar da ɗinki yadda ba za ka taɓa ganewa ba. Aikin tela.

Goggo tana zuwa Islamiyyar mata daga biyu da rabi zuwa la'asar. Da ƙarar takalminta ta ɓace a lungu, sai Kaka ya cire hula, ya zaro makulli, ya naɗe hancinsa da gefen rawani, ya nufi bayan rijiya. Ranar farko da na gan shi, ya juyo muka haɗa ido, ya ce, "Amarya, me kika gani?" Na ce ban ga komai ba. Ya ce, "Madalla. Shi ya sa na aure ki."

Ina tsayawa daga bakin ƙofa in leƙa. Zai ɗaga ƙwai ya duba shi a hasken rami, ya mayar. Zai shafa toka a ƙarƙashin fiffiken wadda ƙwarƙwata ta dama. Zai jefa ɗan gutsuren kanwa a kaskon ruwansu. Akwai wata farar tantabara mai ɗingishi da shaho ya taɓa fizga, shi ya ɗaure mata ƙafa da tsinke da zare har ta warke, muna kiranta Gurguwa. Ita kan kafaɗarsa take sauka. Akwai kuma wani ɗan shila da muzuru ya kashe uwarsa. Wannan sai Kaka ya sauke rawanin daga hancinsa, ya tauna jiƙaƙƙen gero, ya sa bakin tsuntsun cikin nasa. Ɗan shilar yana rawar fiffike, shi kuma idonsa a lumshe.

In ya fito zai juya min baya ya ce, "Duba bayan angonki." Sai in tsince gashin da ya maƙale masa a riga, ɗaya bayan ɗaya, in tura a aljihun jakar makaranta.

Ba zan ɓoye muku ba, na ga ɗayan abin ma. Na ga yadda yake tsayawa a bakin rijiya ya dafa da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Da farko yakan yi numfashi kamar goma ya wuce. Kafin ƙarshen zangon karatu na biyu sai da na ƙirga arba'in. Na san abin da nake gani. Ban san wa zan faɗa wa ba, ban kuma san ko ina so in faɗa ba.

Malamar Turancinmu 'yar kudancin jiha ce, doguwa, mai fara'a, kullum da alli a gefen zaninta. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Wata Litinin a zango na uku, damina ta fara sauka, ta rubuta kalmomi biyar a allo, ta ce yau za mu koyi yadda Bature yake kwatanta mutumin da ya ƙwallafa rai a kan abin da yake yi don jin daɗinsa, ba don a biya shi ba. Har yanzu ina ganin su a jere. Keen, ta ce shi ne mai ɗoki, da an ambaci abin sai kunnensa ya miƙe. Enthusiast, mai sha'awar da ya san kan abin, in ya fara ba ka labari sai ka nemi hanyar gudu. Devoted, wanda ya ba da kansa, yana hidima ba ya gajiya, ko ana gani ko ba a gani. Fanatic, wanda abin ya hau masa kai, irin masu fasa gilashin gidan kallo in an ci ƙungiyarsu. Aji ya kwashe da dariya, kowa yana nuna wani.

Da ta zo ta ƙarshe sai ta buga allo da alli. "Addict. Wannan shi ne maye. Mayen shayi, mayen waya. Ko an hana shi, ko yana cutar da shi, zai koma. Ba ya iya bari."

Ta ce kowa ya zaɓi mutum ɗaya a gidansu, ya ba shi kalma ɗaya, ya rubuta shafi guda. "Amma ban son surutu. Ka ba ni hujja. Abin da ka gani da idonka, shi za ka rubuta."

Ban taɓa samun aikin gida da ya dace da ni kamar wannan ba. Abin da na gani da idona ai shi ne duk dukiyata. A gidan Kaka na rubuta shi, a kan tabarma, shi yana gyangyaɗi a kujerarsa nesa da ni kaɗan. Na rubuta kwaɗo da makulli na uku. Na rubuta hula. Na rubuta lokacin fitar Goggo, da rawani a hanci, da geron da ake taunawa, da numfashi arba'in a bakin rijiya. Na daɗe ina kai da komo tsakanin kalma ta uku da ta biyar. Zuciyata tana son ta uku, amma Malama ta ce hujja, hujja kuwa ta biyar take nunawa.

Za ku ce ina hankalina yake. Ni ma na sha tambayar kaina. Gaskiyar ita ce, a lokacin Turanci a wurina wani ɗaki ne daban, mai ƙofa a makaranta. A gidan Kaka babu mai jin sa. Abin da na faɗa da Hausa shi ne magana, shi ne tona asiri. Abin da na rubuta da Turanci kuwa aikin gida ne, Malama ta sa jan biro, a rufe littafi. Ko sau ɗaya ban ji a raina cewa ina faɗa wa wani ba. Har daɗi nake ji, kamar na sauke wani kaya a inda ba mai gani.

Bayan mako biyu aka yi ranar da iyaye ke zuwa duba littattafai. Umma ce ta saba zuwa, ita kuwa maki kawai take dubawa. Ranar nan ƙanina ba shi da lafiya, sai Abba ya zo.

Malama tana ganinsa ta miƙe. "Kai ne baban wannan? Yarinyan nan ba ya magana, amma duba abin da ya rubuta. Na karanta wa malamai a ofis." Ta buɗe littafin da hannunta ta miƙa masa.

Ina tsaye a gefen tebur. Na ga murmushinsa a layin farko. Na ga yatsansa yana bin rubutun, ya zo tsakiyar shafi ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi. Sai hannunsa ya tashi zuwa kunnen dama. A lokacin ne, wallahi sai a lokacin, na tuna cewa Abba da Turanci yake aiki tun safe har yamma.

"A gaishe min da kakan nan," in ji Malama tana dariya. "Ina son in gan shi."

Abba ya ce zai ji, ya yi godiya, ya sa hannu a littafin.

A mota bai yi faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, "Tun yaushe?" Na ce tun zangon farko. Sai ya karya kan mota zuwa Gwallaga.

Mun tarar da Kaka a zaure. Abba ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi kamar kullum, ya tambayi jiki, ya tambayi ruwan jiya. Sannan ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Baba, hularka nake so in gani."

Kaka ya dube shi. Bai dube ni ba, ko da wasa, kuma wannan rashin duban ya fi min ciwo. Ya sa hannu biyu ya cire hular, ya zaro makullin da kansa, ya ajiye a kan tabarma.

"Baba, so kake mu rasa ka?" in ji Abba. "Likita ya ce in ka sake kwanciya irin ta bara, ba lalle ka tashi ba. Me zan ce wa 'yan'uwana?"

Kaka ya ce, "Akwai maraya a ciki. Yayarka ba ta iya ba shi abinci ba."

Abin da ya faɗa ke nan. Ya mayar da hularsa, ta zauna a karkace, bai gyara ba.

Ranar Asabar Kawu, ƙanin Umma, ya zo da akori-kura da manyan kwanduna. Yana da gona a Tirwun da wani ɗaki da ba a amfani da shi. Tun da sassafe shi da Abba suka toshe ramukan, suka kama tantabarun a cikin ɗaki, suka loda. Babu wanda ya tambayi Kaka yadda ake yi, ina jin kunyarsa suke ji. Shi ma bai fito ba. Kafin azahar an fitar da tukwanen, an share ɗakin, an liƙe ramukan da laka.

Ranar Talata, ina shigowa daga makaranta, na ji kukan da na sani. Na ɗaga kai. Ga su nan a jere a kan katanga da rufin kwano, sun fi talatin. Ashe Kawu ne ya buɗe musu su sha iska, suka tashi sama suka yi kewaye biyu, suka kamo hanyar gida. Suna ta sauka a inda ramukan suke, suna saran busasshiyar laka da baki, suna komawa.

Abba ya ce kada a ba su ko ƙwaya, in yunwa ta ishe su za su koma inda abinci yake. Ba su koma ba. Laraba aka wuni ana ruwa. Suka takure a kan katanga, gashinsu ya jiƙe ya manne, suka zama ƙanana kamar ba su ba. Gurguwa ta sauko har tsakar gida, ta yi ɗingishinta zuwa ƙofar ɗakin Kaka, ta tsaya tana karkata kai. Yana zaune daga ciki, hannunsa a kan gwiwa, yatsunsa suna motsi. Goggo ta ɗaga tsintsiya za ta kore ta, sai ta fasa, ta shige madafa. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa da littafi a buɗe. Buhun gero yana bayana, taku uku. Ban tashi ba. Ina tsoron in na ba su, na ƙara musu kwana a kan katanga, in ban ba su ba kuma ga abin da nake gani.

Ranar Alhamis Kaka ya yi min magana, karo na farko tun ranar hula. Ya ce, "In ubanki ya zo, ki ce ina son ganinsa. Ya kira kawunki, ya taho da gidan sauro."

Da suka hallara ya ce musu, "Ba haka ake raba tantabara da gida ba. Da kun tambaya." Ya sa aka kafa gidan sauron a tsakar gida a kan sanduna huɗu, aka ɗage gefe ɗaya. Abba ya ɗaura masa takunkumin rufe hanci da baki, Kaka bai yi musu ba. Ya ce in miƙo masa gwangwani.

Ya zuba gero, ya rufe da tafin hannu, ya girgiza sau uku.

Ko daƙiƙa ba su yi ba. Kwana biyu ba su ci ba, ga kuma sautin da suka sani tun suna cikin tukunya. Suka zubo gaba ɗaya, suna hawa kan juna, suka bi geron da ya watsa har cikin gidan sauron. Ya ɗaga wa Kawu kai, Kawu ya saki gefen.

"Ba a yankewa da almakashi," in ji Kaka, yana riƙe da ta farko. "In ka yanke, kututturen yana nan, sai shekara ta zagayo. Figewa ake yi, dogayen nan na fiffike ɗaya. Kafin su tsiro an yi wata guda da 'yan kwanaki, sun yi ƙwai a can. Tantabara ba ta barin ƙwanta."

Ya fige ta farko, ya fige ta biyu. A ta uku tari ya sarƙe shi, har Abba ya riƙe shi ya mayar da shi bakin ɗaki. Kawu ya kama ɗaya, ta kufce, ya riƙe ta kamar kaza. Daga inda yake Kaka ya nuna ni da hannu. "Miƙa wa Amarya. Ta san riƙo."

Na sani kuwa. Wata tara ina kallon hannunsa. Ƙafafu tsakanin yatsu biyu, babban yatsa a kan baya, ƙirjinta a tafin hannu. Ni na riƙe, Kawu yana figewa. Kowace na ɗauka sai in ji zuciyarta tana bugawa da sauri a hannuna, in an fizgi gashin sai ta ɗan zabura, ba ta kuka. Ni na nuna wa Kawu wace ce matar wane, don kada a raba su a kwando. Gurguwa ce ta ƙarshe. Da na kawo ta kusa da ƙofa, Kaka ya miƙo yatsa ɗaya ya shafa kanta, ya janye.

Bayan motar ta tafi, Abba da Goggo suna share gashin da ya cika tsakar gida, sai Kaka ya kira ni. Na durƙusa nesa da shi.

"Matso. Ashe amaryar zamani da Turanci take kai ƙarar ango?"

Kukan da nake riƙewa tun ranar makaranta ya ƙwace. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "To ya isa, kada maƙwabta su ce duka nake yi. Maki nawa aka ba ki?"

Na ce sha tara cikin ashirin.

"Duk wannan tonon asiri, ɗaya ya gagare ki? Ɗauko ki karanta min."

Na karanta, ina juya masa da Hausa layi bayan layi. Wurin hula ya yi murmushi. Wurin numfashi arba'in ya ce, "Har ƙirgawa kike yi?" Da na zo kalmar da na ba shi, na tsallake ta. Ya matsa. Na ce ma'anarta maye.

"Maye? Ni?" Ya yi dariya har ta koma tari. "Duk Turancin Bature babu wata mai ɗan dama-dama?"

Na lissafa masa sauran huɗun kamar yadda Malama ta yi mana. Da na faɗi ta uku, wanda ya ba da kansa, yana hidima ko ana gani ko ba a gani, sai ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Me ya hana ki ba ni wannan?"

"Malama ta ce a bi hujja."

Ya daɗe yana kallon bayan rijiya. Sannan ya ce, "Malamarku ta iya aikinta."

Jikinsa ya yi sauƙi, wannan gaskiya ne. Tarin ya ragu, daminar da ta biyo baya bai kwana asibiti ba. Goggo har yau takan ce ni na ceci ran tsohon nan, Allah ya yi min albarka. Nakan ce amin. Amma ni da na iya kallo, na ga sauran. Na ga ya daina zolayar masu wucewa a zaure. Na ga in biyu da rabi ta yi yakan taɓa hularsa, sannan ya sauke hannun. An fasa wa ɗakin ƙofa ta waje, yanzu shagon cajin waya ne, kiɗa yake tashi daga inda tukwane suke. Kawu ya sha cewa zai zo ya ɗauke shi ya ga yadda suka yi yawa, sai ya ce a'a. "In suka ji muryata za su biyo ni. A sake fige su? Bar su su manta." Abba kuwa ko sunan Tirwun ba ya so a ambata a gabansa.

Bana nake aji shida, muna shirin jarrabawar fita. Kalmomin nan biyar sun sake fitowa a littafin bita, na cike gurbinsu ban ko tsaya tunani ba. Na ƙara wasu da yawa a kansu. Har yanzu ban gamu da wadda ake kiran mutumin da aka raba shi da abinsa don a tsira da ransa ba, ya tsira, ya zauna yana kallon katanga. Tun daga wancan shafin kuma ban sake rubuta abin da na gani da idona ba, in an ba mu insha'i ƙirƙira nake yi. Wannan ne na farko.

Ranar Juma'ar nan, bayan na ga gwangwanin, na shiga gaishe da Kaka. Ya rame, idon ya ƙara rufewa, sai da na yi magana ya gane ni. Ya ce, "Amarya, har yanzu ba a koyi tuwon ba?" Muka ɗan taɓa hira. Can ya ce, "Kawunki ya zo shekaranjiya. Ya ce Gurguwa ta mutu tun bazara. Ita ce ta rage cikin na hannuna, sauran duk jikoki ne." Ya gyara zama. "Yanzu kam ko na tsaya a tsakiyarsu na yi ta kira, babu wadda ta san ni."

Goggo ta ce Allah sarki, ta ci gaba da tankaɗe. Ita ta ji tsoho yana jimami. Ni kuwa ina kallon fuskarsa, na ga ya juya ta wajen ƙofa, inda yake jin muryar Abba. Ba zai taɓa roƙon ɗansa abu ɗaya sau biyu ba.

Da za mu tafi na tsaya a gindin famfo, na juye sabulun, na ɗauraye gwangwanin, na sa shi cikin hijabi. A mota na shirya maganar sau ya fi goma, tana zuwa bakina tana komawa. Na san abin da likita ya ce. Na san hannun Abba zai iya tashi zuwa kunnensa. Sai da muka kusa shataletalen da za mu juya gida, gwangwanin ya yi sanyi a cikin hannuna, sannan na ji muryata ta fito.

"Abba, don Allah ranar Asabar mu kai Kaka Tirwun. Ba zai sauka daga mota ba, ko gilashi ba sai an sauke ba. Ni zan fita in girgiza musu. Shi dai a tsaya da shi inda zai ji saukarsu."